Hoton Baba Ya Ƙi Shiga Ordinater

Ranar da maigidana ya kawo ordinater, wato kwamfuta, gidanmu a Dogon Dutsi, a kan amalanken jaki ya ɗauko ta, yana tafe a gaba yana korar awaki daga hanya. Tsohuwa ce, wani ofishi ya gaji da ita ya fitar. Ya kafa ta a shagon ƙofar gida, ya lulluɓe ta da zanen gadona, ya sa aka rubuta allo da shuɗin fenti: ENJENIYER, ANA BUGA TAKARDU DA HOTUNA IRI-IRI. Lakkwal ɗin, wato makarantar, da ta ba shi wannan suna ban san inda take ba. Na dai san ya taɓa zama wani shagon buga takardu a Yamai, ƙanwarsa kuma ta ce mini shara yake musu da dafa shayi.

Sunansa na yanka ba zan rubuta ba, mijina ne. Enjeniyer ɗin ya ishe ku, shi ma ya fi son sa.

"Wagga na'ura," ya ce wa Bilal tela, maƙwabcin shagonsa, "babu abin da ba ta ci. Ka ba ta hoto, ka ba ta rubutu, ko Larabci ko Faransanci, ta haɗiye ta hiddo maka bisa takarda."

"Tana cin tuwo?" in ji Bilal.

"Jahilci dai bai yi ba."

"A'a, na ga tun sahe ba ka ci komi ba, na ce ko ita ka ba."

Inna Lantana mai ƙosai, da ke tsallaken hanya, ta yi dariya har mai ya fantsama. Ni ina bayan ƙyaure da kwanon furarsa. Ba na yawan magana, amma idona lafiyarsa lau.

Da kaka ta yi, Alhaji Adamu mai sayen wake ya ce zai shirya kokowa a gari. Yana son a yi babban tamfol mai hotunan tsoffin 'yan kokowar Arewa, kowa da sunansa a ƙasa, a buɗe shi a fili gaban jama'a. Niyyarsa ya kai aikin Yamai. Enjeniyer ya tare shi a bakin masallaci.

"Yamai? Alhaji, su wa ke Yamai? Yaran da na koya ma aiki? Ni zan tsara shi nan gabanka, su bugawa kawai za su yi."

Alhaji ya yarda. Ni kuwa abin ya shafe ni, domin cikin tsoffin nan akwai mahaifina.

Babana shi ne Issa Turmi na Matankari. A zamaninsa, in ya shiga fili makaɗa har fasa ganga suke. Babban abokin karawarsa shi ne Umaru Dogo na Dogon Kiriya, wanda ya sha ƙasa a hannunsa, kuma har yau bai yarda ba. Duk inda ya zauna sai ya ce ba Issa ne ya kada shi ba, wani iska ne da ke tsaye a bayan Issa. Hoton Baba na ƙuruciya guda ɗaya ne tak a duniya, yana sanye da walki da layu, ƙirji a buɗe. Gara ta cinye shi da daminar bara. Allah ya sa kafin nan yayana Sadiƙ ya ɗauke shi da tsadaddiyar wayarsa. Ya turo wa Enjeniyer a waya, sannan ya wuce Jado haƙar zinari, inda babu rezon waya sai iska da yashi.

Innata ta gaya mini abin da Baba ya ce da ya ji labarin tamfol. Ya ce, "Ina son jikokina su san ba da sanda anka haife ni ba."

Hotunan sauran tsoffin duk na takarda ne. Enjeniyer ya bi su ɗaya-ɗaya ya shigar, suka zauna a layi, kowa da sunansa, har da Umaru Dogo yana zare ido. Da aka zo kan na Baba, ya haɗa waya da ordinater, ya jawo hoton ya ajiye a gurbinsa. Sai ga wani farin akwati, babu kowa a ciki, da ɗan jan kuros, alamar X, a kusurwa.

Na yi lakkwal kaɗan, ina iya haɗa baƙaƙe. Na lura sunan kowane hoto da JPG ya ƙare, na Baba shi kaɗai ya ƙare da HEIC. A waya yana buɗewa sarai. A ordinater kuwa sai akwati.

"Ina Baba?" na ce a hankali.

"Shina ciki. Na'urar ce ke tunani."

Muka jira ta gama tunani. Ya hura mata iska a baya. Ya mare ta a gefe. Ya ce zafi ne ya dame ta, ya ɗauki mahucina ya yi ta yi mata fifita, abin da ni ban taɓa samu ba ko ranar da na yi zazzaɓi. Ya kashe ta ya kunna. Akwati na nan, kuros na nan.

Washegari ya tashi da fara'a, ya ce ya gano bakin zaren. Ya kira Bilal da Inna Lantana su zo su ga ilimi. Ya goge baƙaƙen nan huɗu na ƙarshen sunan, ya rubuta JPG da yatsa ɗaya, yana ɗaga shi sama bayan kowane baƙi.

"Shi ke nan. Ya zama irin sauran."

"Suna kawai ka sauya mishi?" in ji Inna Lantana.

"Inna, wannan shi ake kira konbersiyon."

"To ni ma bari in koma gida in raɗa ma akuyata suna saniya, gobe in kawo maka nono ƙwarya guda."

Ya jawo hoton. Akwati ya dawo, da kuros ɗinsa, kamar bai je ko'ina ba.

"Ya gaishe ka," in ji Bilal.

Enjeniyer bai karaya ba. Ya ce gilashin ordinater ne ƙarami, ba zai iya ɗaukar mutum irin Baba ba, amma a takarda zai fito. Ya buga gwaji a takarda. Tsoffi suka fito reras, a tsakiyarsu farin akwati da jan kuros, a ƙasa an rubuta ISSA TURMI, MATANKARI. Mai hankali da ya yaga ta. Shi sai ya ce sauran sun yi kyau, bai kamata jama'a su rasa ganin aikinsa ba. Ya manna ta a ƙofar shago, ranar kasuwa.

Da azahar ina daka a tsakar gida sai ga mata sun shigo da salati, 'yan Matankari da suka zo cin kasuwa. Wata ta rungume ni.

"Sahura, sai haƙuri! Yaushe anka yi? Ba mu ji ba!"

"Anka yi mi?"

"Mun gani a ƙofa. Kowa da huskarshi, shi ko an sa mishi likkahwani an buga jan alama!"

Taɓarya ta faɗi daga hannuna. Na san akwatin, na san labarinsa tun daga farko, amma da na ji kukan mata sai ni ma na fashe da kuka. Da ƙyar na lalubi wayata na kira gida. Baba da kansa ya ɗauka, yana tauna wani abu.

Sai dai motocin kasuwa sun riga wayata. Kafin magariba gidanmu na Matankari ya cika da 'yan gaisuwa, Baba na zaune gindin bedi yana tufka igiya, mutane na shigowa da "Allah shi jiƙan rai" suna yin turus. Har Dogon Kiriya labari ya kai. Umaru Dogo ya hau kabu-kabu ya zo da sassafe, ya tsaya a zaure ya ce, "Allah shi gafarta mishi, mutumin kirki ne, amma da iska ya kada ni." Baba ya leƙo daga ciki da ludayi a hannu ya ce, "Amin."

Ran nan Baba ya iso Dogon Dutsi. Abin da ban taɓa gani ba na gani: bakin Enjeniyer a rufe. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa can bayan randa, ya kafa ido a ƙasa. Suruki ba ya kallon suruki, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye. Saboda haka ni aka sa a tsakiya, ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai.

"Sahura," in ji Baba, yana kallon katanga, "tambayar mini mutanen gidanga, wa ya kashe ni?"

Enjeniyer ya gaya wa ƙasa, "A hwaɗa ma Baba matsalar forma ce. Hoton nashi na zamani ne ƙwarai, ya hi ƙarhin na'urorin ƙasarga."

"A tambaye shi, shi da ya koya ma na Yamai aiki, shi ma ya hi ƙarhinshi?"

"A hwaɗa ma Baba ana bisa aiki."

Bilal, da ya shigo wai aron almakashi, ya sa baki. "Baba, to a ɗauke ka sabo mana, ga ka ga waya."

Baba ya dubi hannuwansa, ya dubi sandarsa. "Da wanga ƙirji? In tsaya kusa da Umaru shina saurayi ni ina tsoho?" Ya miƙe. "Sahura, in huskata ba ta hito ba ran kokowa, Umaru zai ce tsoro ta ji. Abin da na zo hwaɗi ke nan."

"A hwaɗa ma Baba," in ji Enjeniyer, har yanzu da randa yake magana, "za ta hito, kuma ta hi ta kowa girma."

Baba na fita bakin ya buɗe. Ya ce laifin Sadiƙ ne da ya sayi wayar da ba ta san talaka ba. Ya ce laifin masu kuran ne, masu wutar lantarki. Ya ce da a Turai ne da tuni an ba shi lambar yabo. Bilal ya ce ai yara ma na danna maɓallan gefen waya su kama abin da ke kan gilashi. Enjeniyer ya ce wannan aikin yara ne. Gaskiyar ita ce maɓallin gefen wayarsa ya daɗe da faɗuwa, da tsinken tsintsiya yake kunna ta.

Sai dabara ta zo masa. Da rana tsaka ya fito tsakar gida, ya buɗe hoton Baba a wayarsa, ya jingina ta da buta. Ya karɓi tawa wayar. Ya gyara hularsa, ya gyara farin tabaransa wanda babu likitan da ya rubuta masa, ya duƙa kusa da gilashin har numfashinsa na taɓa shi. In yana aikin da ya ɗauka babba, harshensa fitowa yake ta gefen baki. Ya fito. Ƙyas, ya ɗauki hoton gilashin da wayata.

Ya ruga shago, ya jawo sabon hoton. Ya shiga.

Unguwa ta ji. Ya fita titi babu takalmi yana kiran mutane. "Ina masu dariya? Bilal, hito! Inna, bar ƙosan nan shi ƙone! Abin da ya gagari Turawa na gama da shi da buta!"

Da suka watse na matsa kusa da ordinater. Baba ne, ba shakka, da walkinsa da layunsa. Amma saman kafaɗarsa akwai wani duhu-duhu, da wasu farare biyu masu zagaye.

"Kamar akwai kunne a nan," na ce.

"Tsuhwan hoto ne."

"Kamar kuma ido."

"Sahura, kin san pikisel?"

Ban san shi ba. Na koma madafa.

Don ya cika alkawari sai ya ja hoton Baba ya faɗaɗa shi, ya sa shi a tsakiya, ya ture sauran tsoffin gefe suka zama ƙanana kamar 'yan rakiya. Ya aika Yamai. Tamfol ya iso a motar safe ranar kokowar, a naɗe. Alhaji Adamu ya ce a warware a duba. Enjeniyer ya dafe tamfol ɗin da hannu biyu.

"Alhaji, ba a buɗe irin wanga aiki a tasha gaban 'yan dako. Inogirasiyon ake yi mishi."

Da la'asar fili ya cika. An zo daga Matankari, daga Sukukutane, daga Dogon Kiriya, wasu a amalanke wasu a ƙafa. Makaɗa na ta aiki. An ɗaure tamfol a naɗe saman wasu dogayen itatuwa biyu, da igiyar da za a ja. Tsoffin 'yan kokowa na zaune a gaba bisa kujeru, Baba da farar rigarsa ta Sallah, jikokinsa a ƙafafunsa, Umaru Dogo a kujerar da ke kusa yana kallon wani wajen. Ni ina cikin mata, na ja mayafi har hanci.

Ba wanda ya ba Enjeniyer makirfo, amma ga shi a hannunsa.

"Jama'ar Arewa! Abin da za ku gani yau, ko a Yamai ba a taɓa ganin irinshi ba. An ce ba shi yiwuwa. Na'ura ta ƙi, waya ta ƙi, wasu teloli sun yi dariya. Amma ilimi ilimi ne. Duk abin da kunka gani cikin wanga tamfol, ni ne. Ni kaɗai. Alhaji, ja igiya!"

Alhaji ya ja. Tamfol ya sauko.

Baba na fara gani. Saurayi, tsayinsa ya fi ƙofar zaure, wuya kamar na bijimi, ƙirji kamar turmin da aka yi masa suna da shi. Ban taɓa ganin sa haka ba sai a bakin mutane. Hawaye ya zo mini. Jikokinsa suka miƙe suna nuni.

Sannan kowa ya ga sauran.

Saman kafaɗar Baba wata ƙatuwar fuska ce, toka-toka, ana hango walkinsa ta cikinta. Idanunta farare ne masu zagaye, kowane kamar faifai. Harshe a waje ta gefen baki. Ga wasu yatsu riƙe da wani baƙin abu. Abin da ya yi kama da tsufan hoto a ɗan gilashin ordinater, da aka buga shi girman ɗaki sai ya zama mutum.

Ganga ta tsaya. Wata 'yar bori a bayana ta ƙwalla ƙara ta zube. Yara suka watse. Wani malami ya fara karanta abin da ya sawwaƙa da ƙarfi.

Umaru Dogo ya yi tsalle daga kujera, tsallen da gwiwoyinsa suka manta da shi.

"Ga shi nan! Ga shi nan! Shekara da shekaru ina hwaɗi kuna ce mini mai ƙarya! Ga iskan da ke kama mini ƙahwa! Ku dube shi, har harshe shike mini!"

"Jama'a, ku natsu," in ji Enjeniyer a makirfo. "Wannan efe ne. Efe artistik. A Turai haka ake yayi."

Inna Lantana ta kutsa gaba, ta kare ido da hannu, ta daɗe tana kallo.

"Wane irin aljani ne da hular da Bilal ya ɗinka?"

"Tawa ce," in ji Bilal daga baya. "Na san zaren."

"Kuma wancan da ke shanye bayanshi ba zanen Sahura ne ba? Kai, jama'a! Luƙman ne!"

Sunan nasa ke nan. Bakinta ne ya faɗa, ba nawa ba.

Fili duka ya dubi tamfol, ya dubi mai makirfo. Hula ɗaya, tabarau ɗaya: inuwarsa ce gilashin waya ya kama ranar buta. Shi kuma yana ta neman abin da zai ce, harshen ya riga ya fito ta gefen baki. Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a kan dutse. 'Yar borin ma ta tashi zaune tana yi. Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da zanena.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma dubi surukinsa ba. Ya yafito maroƙi, ya yi masa magana a kunne. Maroƙi ya ɗaga murya.

"Issa Turmi ya ce a hwaɗa ma Umaru Dogo! Ya ce iskan da kake nema tun kuna samari, ga shi nan tsaye a hili da makirfo! Ya ce shi ya sallama maka shi!"

Umaru ya tuɓe riga. Makaɗa suka sauya kiɗa.

"Baba Umaru," in ji Enjeniyer, yana ja da baya, "ni ma'aikaci ne. Ni aikin ƙwaƙwalwa nike. Baba Umaru, ka tuna da shekarunka!"

"Su nike tunawa," in ji Umaru.

Enjeniyer ya juya zai gudu, ya manta makirfo na da igiya. Ta naɗe masa ƙafa. Tsoho ya iso a hankali, bai ko yi sauri ba, ya sa hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a cinya, ya ɗaga shi kamar damin gero, ya juya da shi don kowane ɓangare ya gani, ya ajiye. Ƙafafu a sama, tabarau a gabas, hula a yamma. Makirfo na bakinsa, saboda haka "wayyo Inna" ɗin ta fita ta lasifika har kasuwa. Duk mai waya a filin nan ya ɗaga ta.

Baba ya roƙi tamfol ɗin, Alhaji ya ba shi. Yana rataye a zaurenmu na Matankari yanzu. Innata ta ce a yanke fuskar, Baba ya hana, ya ce tun da aka rataya shi ko akuya ba ta sake shiga zauren ba. Da yamma yakan zauna ƙarƙashinsa, jikoki su kewaye shi suna auna hannuwansu da na saurayin da ke sama. Umaru Dogo kuma yana can yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa a ƙarshe ya kada iskan Issa gaban shaidu. Har goro ya aiko wa Baba.

Enjeniyer ya yi kwanaki yana jinyar ƙugu. Ranar da ya buɗe shago, Bilal ne farkon mai shigowa, da wayarsa a hannu, fuska babu wasa.

"Enjeniyer, aiki na kawo. Wani hoto nike son a buga mini, in manna a shago."

Aka haɗa waya. Aka jawo hoto. Nan take ya shiga, babu akwati, babu kuros, babu tunani. Ƙafafu biyu a sama, tsaf, har ana iya ganin inda takalminsa ya ɓule.

Ina bayan ƙyaure da kwanon fura. Ya daɗe yana kallon gilashin. Sai ya gyara zama, ya buga ordinater a kafaɗa.

"Ka gani ko? JPG ne. Tun farko na hwaɗa muku na'urata lahiyarta lau."

Na ajiye furar a bakin ƙofa, na koma madafa, na cusa mayafi a baki.